GARGAƊI GA JAMA'AR SABON MACI: Fasasshen Gem Yana Kwashe Kuɗinku, Yana Cin Haƙƙin Masu Ƙirƙira

Wannan gargaɗi ne na gaggawa ga iyaye maza da mata, da samari da ƴanmata, da masu rumfar caji da tura fina-finai, da malaman lakwal da na allo, a Sabon Maci da duk ƙauyukan da ke cin kasuwarta, da maƙwabtanmu na Kornaka, da duk masu bin hanyar Maraɗi zuwa Dakoro. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar ta shafi aljihun kowane gida da ke da salula.

Ga maganar a dunƙule. Wasannin da ake cika wa yara waya da su, waɗanda ake cewa an fasa su, kome a buɗe yake, kuɗin ciki ba ya ƙarewa, da yawansu ƙofa ce da ɓarayin intanet ke shigowa ta cikinta. Ko da wasan ya zo lafiya babu cuta a cikinsa, to an ci haƙƙin wanda ya yi shi. A ɗaya gefen kuma akwai wasan da mutum zai biya da guminsa, amma kamfani ya riƙe makulli, ya rufe ranar da ya ga dama. Tsakanin waɗannan ramuka biyu akwai hanya mai tsabta, kuma ita nake kira a bi tun kafin ɓarna ta yi yawa.

YADDA ƁARAWO KE SHIGA WAYA

Ku tsaya ranar kasuwa a bakin rumfar caji ku duba da kyau. Sola a kan rufi, batir a ƙasa, wayoyi jere a kan tebur kowace da lambarta, ƙaramar kwamfuta a gefe. Yaro ya zo da salular mahaifiyarsa, wadda wansa ya aiko daga wurin ci-rani. Ya miƙa dala ashirin ko dala hamsin ya ce, "Yaya, a sa mini ƙwallo, wadda kuɗinta ba ya ƙarewa." Mai rumfa ya tura masa fayil ta Xender. Waya ta nuna kashedi cewa wannan manhaja ba daga sananniyar kafa ta fito ba. Mai rumfa ya danna Autoriser bai ko karanta ba, don mutane na jira. Sai tambayoyi su biyo baya ɗaya bayan ɗaya: izinin karanta saƙonni, izinin ganin lambobin mutane, izinin bayyana a saman sauran manhajoji, izinin da waya ke kira Accessibilité. Duk a danna musu. Yaro ya karɓi waya ya ruga gida yana murna.

To, ina ruwan wasan ƙwallo da karanta saƙon da aka turo wa uwar yaro? Ina ruwan tseren mota da lambar kawunta da ke Agadas? Wasa ba ya buƙatar waɗannan. Wanda ya ɓoye kansa a cikin wasan, shi ke buƙatarsu.

Izinin karanta saƙo yana ba shi damar ganin lambar sirrin da ake turowa don tabbatar da shiga asusu. Izinin bayyana a saman manhajoji yana ba shi damar ɗora shafin ƙarya a kan na gaskiya, mutum ya rubuta lambarsa ta sirri yana zaton da kamfanin kuɗi yake magana. Izinin Accessibilité kuwa, wanda aka yi shi don taimakon makafi da masu raunin hannu, shi ne mafi haɗari, domin wanda ya same shi yana ganin abin da ke kan allon waya, yana kuma iya danne-danne kamar yatsan mai ita. Wata cutar ba ta ma taɓa asusu ba, sai dai ta shigar da layinka cikin wani tsarin biya da ba ka nema ba, kredi ya riƙa zurarewa, ko ta riƙa buɗe tallace-tallace a ɓoye tana cinye mega, batir yana zafi yana mutuwa da wuri.

Ku tuna wace waya ce wannan. Ita ce mai ɗauke da Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash. Ita ce mai MyNita ko AmanaTa, inda kuɗin ɗan ci-rani ke sauka. A cikinta kuɗin rago yake, da kuɗin hatsi, da kuɗin adashin mata. Laifin ba na waɗannan kamfanoni ba ne, mu muka buɗe ƙofa da hannunmu. Idan kuma aka ƙwace WhatsApp, sai ɓarawo ya shiga rubuta wa dangi da sunan mai waya, yana cewa ga shi a likita, a turo jaka goma da gaggawa. Dangi su tura, don sun ga hoton ɗan'uwansu da lambarsa.

Sau da yawa mai rumfa shi ma bai sani ba. Fayil ɗin daga wani zauren Telegram ya ɗauko shi, ko daga wani shafi marar suna, ko daga kwamfutar abokin sana'arsa na birni. Amma rashin sani ba ya mayar da kuɗin da ya tafi.

BA JITA-JITA BA CE

Masu binciken tsaron na'urori sun daɗe suna bin sawun wannan abu. A watan Yunin 2021, kamfanin Avast ya fallasa wata cuta da ya sa wa suna Crackonosh, wadda aka ɓoye a cikin fasassun wasannin kwamfuta irin su GTA V da NBA 2K19 da Far Cry 5 da Pro Evolution Soccer 2018, ita dai wannan ƙwallo da samarinmu ke kwana a kanta. Cutar takan kashe garkuwar kwamfuta, sannan ta mayar da ita baiwa mai haƙo wa wani kuɗin intanet da ake kira Monero. Avast ya ƙidaya na'urori kimanin 222,000 da suka kamu a duniya, kuma masu cutar sun tara abin da ya kai dalar Amurka miliyan 2.

A watan Satumban 2024, kamfanin Kaspersky ya bayyana wata cutar wayoyin Android mai suna Necro, wadda aka tarar a cikin jabun kwafi na Minecraft da Stumble Guys da Car Parking Multiplayer, da kuma jabun WhatsApp da Spotify. Tun a 2021 wannan kamfani ya tarar da cutar Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin waɗannan WhatsApp masu ado da matasa ke rububi. Ita Necro har cikin shagon Google Play ta kutsa ta hanyar manhajoji biyu da aka sauke fiye da sau miliyan 11, kafin a ɗauki mataki. Idan shago mai masu gadi ana iya kutsa masa, ina ga fayil da ke yawo daga waya zuwa waya, ba wanda ya san uban gidansa?

Akwai kuma damfarar da ba ta buƙatar cuta ko kaɗan. Shafuka da saƙonni masu cewa za a ba ka daiman na Free Fire kyauta, ko kuɗin PUBG, ko tsabar eFootball, in dai ka shigar da sunanka da kalmar sirrinka ta Facebook. Duk wanda ya shigar, ya miƙa asusunsa da hannunsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba wanda zai zauna ya fasa wasa, ya biya kuɗin ajiye shi a intanet, ya raba wa duniya saboda yana ƙaunar yaran Sabon Maci.

RAMI NA BIYU: KA BIYA, AMMA BA NAKA BA NE

Wani zai ce, to shi ke nan, a sayi na gaskiya. A nan ma sai an buɗe ido. Manyan kamfanoni da yawa suna sa wa wasanninsu wani kwaɗo da ake kira DRM a taƙaice. Aikinsa shi ne hana kwafi, amma yadda yake aiki, wasan sai ya riƙa tuntuɓar na'urar kamfani ta intanet don neman izini kafin ya buɗe, wani sau ɗaya, wani lokaci zuwa lokaci, wani kuma kullum. Kamar ka sayi akuya ne a kasuwar dabbobi, ka biya lakadan, amma igiyarta ta zauna a hannun dillali har abada.

Ga abin da ya faru a fili. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren mota mai suna The Crew a 2014. Mutane suka saya da kuɗinsu. A watan Disamban 2023 aka cire shi daga kasuwa, ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe na'urorin da yake dogara da su. Daga ranar wasan ya mutu a hannun kowa, har da masu faifansa a ɗaki. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara a watan Afrilun 2024, kuma a 2025 takardar koken gangamin ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet su faɗa wa mai saye gaskiya, idan izinin amfani kawai suke sayar masa. A watan Oktoban shekarar, shagon Steam ya fara rubuta wa masu saye cewa lasisi suke biya.

Idan mutanen Turai masu wuta dare da rana da intanet a kowane ɗaki suna kuka da wannan kwaɗo, mu fa? A nan rezo yana zuwa yana tafiya. Mega da tsada. Wasan da ba ya buɗewa sai da intanet, ranar da rezo ya ɗauke ya zama hoto. Wanda ya tara jaka biyar ko goma ya sayi irin wannan wasa, ya sayi abin da ba zai more shi ba sai da ƙarin kuɗi kullum. Saboda haka kafin ka biya ko dala ɗaya, ka tambaya: yana aiki babu intanet? Zan iya ajiye shi a memori ko a kwamfuta in sake sakawa in waya ta lalace?

HANYA MAI TSABTA

Akwai shagunan intanet da suka zaɓi sayar da wasa babu kwaɗo. Mafi shahara shi ne GOG, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya buɗe a 2008. Idan ka sayi wasan kwamfuta a wurinsu, suna ba ka fayil ɗin sakawa gaba ɗaya, ka sauke shi sau ɗaya inda rezo ke da ƙarfi, a Maraɗi ko a Dakoro, ka ajiye a faifanka, ka saka ba tare da neman izinin kowa ba. Ko shagon ya rufe gobe, abin da ka sauke yana hannunka.

Tarihin kamfanin CD Projekt darasi ne gare mu. Marcin Iwiński da Michał Kiciński sun kafa shi a 1994, lokacin da kasuwannin birnin Warso ke cike da faifan sata masu araha. Ba su tsaya zagin masu saye ba. A 1999 suka fassara wasan Baldur's Gate zuwa harshen ƙasarsu, suka ɗauki fitattun ƴan wasan kwaikwayo suka sa muryoyinsu, suka haɗa da taswira da littafi a cikin kwali. A ranar farko suka fitar da kwafi 18,000. Mutane suka bar na sata suka sayi na gaske, don ya fi kyau kuma da harshensu yake magana.

Akwai kuma itch.io, wanda Leaf Corcoran ya buɗe a 2013, inda ƙananan masu ƙirƙira ke baje kolinsu, har da wasannin Android. A can mai wasa shi ke yanka farashi, yana iya cewa kowa ya biya abin da ya sawwaƙa. Shi ne kuma ke zaɓen kason da zai bar wa shago, wanda aka saba sawa kashi 10 cikin 100. A Steam kason shago yana farawa daga kashi 30, a Epic Games Store bai wuce kashi 12 ba. Ko ta wace hanya aka bi, mafi yawan kuɗin yana isa hannun masu wasan. A fasasshen gem kuwa, ko dala ba ta isa gare su.

Sai dai a ji wannan da kyau: rashin kwaɗo ba izinin rabawa ba ne. Amana ce mai wasa ya ba ka. Ya yarda ka ajiye kayanka yadda kake so, bai ce ka zuba wa mutum ɗari a memori ba. An ci wannan amana a wurare da yawa. Mutum biyu kacal, Kyle Gabler da Ron Carmel, suka yi wasan World of Goo a 2008 suka sake shi babu kwaɗo, daga baya suka ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na masu buga shi ba su biya ba. Duk lokacin da aka yi haka, ana ba manyan kamfanoni hujjar ƙara ɗaure kwaɗonsu, mai gaskiya kuma ya sha wahala. Haka nan fayil da wani zai ba ka ya ce daga GOG ya fito, in ba daga asusunka ka sauke shi ba, ba ka da tabbacin abin da aka cusa masa a hanya.

MUN GA ABIN DA TURA TA YI WA FINA-FINANMU

Ba sai mun je Turai ba kafin mu san ƙarshen wannan hanya. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya girma har ya zama sana'ar dubban mutane. A zamanin fina-finan Sangaya da Wasila, kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano cike take da dilolin kaset, daga baya faifan CD, ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suna sarowa suna kawo mana. Mai shirya fim yana zuba kuɗi yana sa ran mayarwa. Da memori da tura suka zo, sai fim ya fito da safe, kafin la'asar yana cikin wayoyin rabin gari a kan kuɗin da bai kai na shayi ba, kuma ba ko sisi da ke komawa ga wanda ya yi shi. Daga wajajen 2015 kasuwar faifai ta durƙushe. Akwai wasu dalilai, kamar matsin tattalin arziki, amma duk wanda ke cikin harkar ya san rawar da tura ta taka. Diloli suka watse, furodusoshi da dama suka bar sana'ar.

Waɗanda suka rage sai suka koma talabijin da intanet. Arewa24 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Lawan Ahmad ya saki Izzar So a YouTube, Aminu Saira ya kawo Labarina. Aka buɗe shafukan biya irin su Northflix da Kallo. Idan ka kalli shiri a tashar mai shi, talla tana biyansa. Idan ka kalle shi daga kwafin rumfa, ka ji daɗi, shi kuma ya tashi a tutar babu. Haka abin yake ga mawaƙa, daga Fati Nijar ƴar Maraɗi har zuwa ƙaramin mawaƙin da ya sayar da akuyarsa ya shiga situdiyo.

Sana'ar yin gem a Afirka yanzu take rarrafe, kuma irin wannan iska za ta iya kashe ta tun tana jaririya. A Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games sun sha fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin jari kafin su fitar da wasan Aurion a Steam a watan Afrilun 2016. A Legas akwai Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012. A Gana akwai Leti Arts tun 2009. A nan gida Nijar, Mahaman Sani Housseyni Issa ya yi wasan Les Héros du Sahel, mai jarumi Shamsou. Gobe yaron Sabon Maci da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi zai iya yin wasan dara, ko langa, ko kokowar gargajiya da harshen Hausa. Idan mun riga mun koya wa ƙannensa cewa gem abin sata ne, wa zai saya masa?

DOKA DA ADDINI

A Nijar akwai dokar haƙƙin mawallafa, mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010, akwai kuma hukumar BNDA da ke kula da wannan haƙƙi. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 da ke hukunta laifukan intanet, har da kutse cikin na'urar wani da damfara. A Nijeriya ma an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Gumin mai tunani gumi ne, kamar na manomi da maƙeri.

ABIN DA ZA A YI DAGA YAU

Ga iyaye:

1. Wayar da ke ɗauke da kuɗi kada ta je rumfar tura a hannun yaro. In don caji ne, a kashe ta ko a kulle ta da lambar sirri.
2. Kada a gaya wa yaro lambar sirrin asusun kuɗi, kuma kada ta zama ɗaya da ta buɗe waya.
3. Duk wanda ya rubuto yana neman kuɗi da gaggawa, ko da hoton ɗanku ne, ku kira shi ku ji muryarsa tukuna.

Ga matasa:

4. Ku ɗauko wasa daga Google Play ko daga shafin mai shi. Ku bar garkuwar Play Protect a kunne. Ku rufe izinin saka manhaja daga kafofin da ba a sani ba.
5. Wasan da ya nemi karanta saƙo, ko ganin lambobi, ko izinin Accessibilité, ku ƙi, ku goge shi nan take.
6. Kada ku ba kowa lamba shida da WhatsApp ke turowa. Ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ku rabu da jabun WhatsApp ko da adonsa ya burge ku.
7. Saye a GOG ko itch.io galibi yana buƙatar katin banki irin Visa ko Mastercard, kuma ba kowa ke da shi a karkara ba. Wanda ke da amintaccen ɗan'uwa mai kati a Maraɗi ko Yamai, ya ba shi kuɗin ya saya masa a matsayin kyauta. Kada ku tura kuɗi ga baƙon da ke tallar asusu mai cike da wasanni a Facebook.

Ga masu rumfa, ƴan'uwa, ba cewa ake ku bar sana'arku ba. Ku tsabtace ta.

8. Akwai wasannin da masu su suka halatta a kwafa a raba: SuperTuxKart na tseren mota, Luanti na gine-gine, Battle for Wesnoth da 0 A.D. na dabarun yaƙi, da GCompris mai koya wa yara lissafi da karatu, wanda ke da Faransanci kuma yana aiki babu intanet. Ku sauke su daga shafukansu na asali, ko daga shagon F-Droid ga waɗanda ke can, ku karɓi ladan aikinku da halal.
9. Ku share fasassun fayiloli daga kwamfutarku. Kada ku danna izini a wayar wani ba tare da kun karanta masa ba. Ranar da kuɗin wata tsohuwa ya ɓace bayan wayarta ta fito daga rumfarka, sunanka za a kira, ba na ɓarawon da ke wata ƙasa ba.

Ga wanda ya riga ya faɗa:

10. Ka kashe intanet ɗin wayar, ka goge manhajar. Ka canza lambobin sirri ta wata waya mai tsabta. Ka garzaya ofishin kamfanin kuɗin ko ka kira su a rufe asusu. Ka sanar da dangi kada su tura kome. Ka kwashe hotunanka ka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani. Sannan ka kai ƙara wurin jandarmomi ko ƴansanda tare da saƙonnin da lambobin da aka yi amfani da su. Kunya ba ta dawo da kuɗi, shiru kuma yana ba ɓarawo damar cutar maƙwabcinka.

Ina roƙon limamai su taɓa wannan magana bayan salla, malaman lakwal su ware mata ko minti goma a aji, shugabannin fada da ƙungiyoyin mata su tattauna ta, magajin gari da masu unguwanni su tara masu rumfa a yi magana ta fahimta. Rigakafi ya fi magani.

Jama'ar Sabon Maci, ku duba wayoyinku yau, kada ku jira gobe. Abin da aka fasa ku goge shi. Abin da za ku saya ku tabbatar zai zauna a hannunku. Wanda ya yi aiki ku biya shi haƙƙinsa, in ba hali ku ɗauki abin da aka bayar da yardar rai. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da zuriyarmu, Ya ciyar da mu da halal. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.